Katin Musaya Mai Zanen Tsuntsaye: Asalinsa, Ƙa'idojinsa da Abin da Yammacin Zamfara Ke da Shi

Katin musaya ɗan guntun kwali ne mai girman katin karta, wanda mutum yake ƙawatawa da hannunsa, ya sa sunansa a baya, ya miƙa wa wani mai irin wannan sha'awa, shi kuma ya karɓi nasa. Ba a sayensa, ba a sayar da shi. Faɗinsa santimita 6.4 ne, tsawonsa kuma 8.9, wato ya ɗan ɗara katin cirar kuɗi na banki. A cikin wannan ɗan fili ake yin zane, ko fenti, ko ɗinki, ko liƙe-liƙen takarda da ƙyalle.

Masu yin sa sukan tsayar da jigo guda a kowane zagaye, kowa ya yi aikinsa a kai. Tsuntsaye na cikin jigogin da aka fi komawa gare su, kuma dalilin a fili yake. Tsuntsu yana shiga ƙaramin fili ba tare da an tauye shi ba, babu garin da ba shi da nasa, sannan na wannan gari ba lalle ne ya zama na wancan ba. Saboda haka wanda ya karɓi kati daga nesa yakan sami abin da ba ya gani a bakin ƙofarsa.

Abin baƙo ne a ƙasar Hausa, amma kayan haɗinsa ba baƙi ba ne. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, waɗanda Gulbin Zamfara ya ratsa a kan hanyarsa ta zuwa Jihar Kebbi, akwai tsuntsayen fadama da na daji da na cikin gari, akwai kuma tsohuwar al'adar haɗa tawada da rini. Akwai wasu abubuwa biyu da suka sa batun ya fi nauyi a wannan yanki: wasu tsuntsayen suna ƙarewa, kuma ƙasar wasu ƙauyuka ta taɓa zama guba.

Inda abin ya faro

Wani mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, M. Vänçi Stirnemann, shi ya assasa tsarin. A shekarar 1997 ya baje katuna 1,200 da ya yi da hannunsa a shagonsa na tsofaffin littattafai da ke birnin Zurik. A ranar da aka rufe baje kolin, 31 ga Mayu, ya sanar da cewa duk mai son ɗaya daga cikinsu sai ya kawo nasa na hannu a yi musaya. Girman da ya zaɓa ya aro shi ne daga katunan 'yan wasa da yara ke tarawa a Amurka da Kanada.

Wani mai zane ɗan Kanada, Don Mabie, wanda aka fi sani da Chuck Stake, ya ɗauki tsarin ya kai birnin Kalgari, inda aka yi zaman musaya na farko a watan Satumba na wannan shekara. Daga nan abin ya bazu ta gidan waya, daga baya kuma ta intanet. A wajajen 2004 wasu suka fara sayar da irin waɗannan katuna a shafin eBay, sai dai sun laƙaba musu wani suna dabam, domin masu bin asalin tsarin ba su yarda a kira abin da aka sa wa farashi katin musaya ba.

Tsuntsu a kan ɗan kati kuwa ya girmi wannan tsari nesa ba kusa ba. Kamfanin Arm & Hammer na Amurka a da ya daɗe yana saka katunan tsuntsaye a cikin kwalayen hodarsa, wasunsu zanen Louis Agassiz Fuertes ne, wanda ya shahara a wannan fanni. A Ingila, kamfanin shayi na Brooke Bond ya fara saka katuna a ƙunshin ganyen shayi a 1954, kuma jerin farko na tsuntsayen ƙasar ne. A Najeriya ma, jerin kan sarki da aka fitar a 1965 yana ɗauke da aku da gauraka da marai. Bambancin shi ne waɗancan na'ura ce ta buga su dubbai, katin musaya kuwa hannu ne ya yi shi.

Ƙa'idoji

Ƙa'idojin ba su da yawa. Girma ba ya canzawa, domin ana adana katunan ne a cikin ledar da aka yi wa aljihu 9, kuma wanda ya zarce awo ba zai shiga ba. Takarda mai girman A4 tana ba da kati 9, uku a jere sau uku, har a sami 'yar ragowa a gefe. Ba a biyan kuɗi. Aikin ya zama na mai shi, ba kwafin zanen wani ko hoton wani ba. A bayan katin kuma a rubuta sunan mai aikin, da sunan abin da aka zana, da kwanan wata, da lambar katin idan jeri ne, misali 3 cikin 9.

Ba a neman shaidar ƙwarewa. Stirnemann ya buɗe ƙofar ga kowa tun farko, don haka malamin zane na jami'a yana iya musaya da ɗan firamare, kati ɗaya a bakin kati ɗaya. Wannan shi ne abin da zai fi ba ɗan kasuwa mamaki, domin ya saba kowane kaya da darajarsa. A nan awon bai wuce “ba ni gishiri in ba ka manda” ba.

Danginsa na gida

Mafi kusancin ɗan uwa da katin musaya yake da shi a ƙasar Hausa shi ne allon zayyana, wanda ake ƙawatawa domin saukar Alƙur'ani. Fili ne ƙarami mai iyaka, ana cika shi da layuka da launuka cikin tsanaki, da alƙalamin gamba da tawadar gida. Zayyana ba ta ɗaukar siffar mai rai, amma hannun da ya iya ta ya riga ya san raba fili da daidaita launi, wanda shi ne rabin aikin kati.

Tsuntsu kansa yana bayyana a wasu ayyukan. Ana ganinsa jefi-jefi a zanen ƙwarya, ana ganin mikiya da ɗawisu a jikin manyan motocin ɗaukar kaya, ɗawisu kuma ya sami gindin zama a zanen lalle na zamani. Mafi ban sha'awa a cikinsu shi ne burtun maharba: kan tsuntsun ne, ko kwaikwayonsa da aka yi da itace da fata, maharbi ya ɗaura a goshi ya riƙa rarrafe yana kwaikwayon kiwonsa har ya kusanci abin farauta. Wanda ya sassaƙa wannan kai ya ƙare wa tsuntsun kallo ƙwarai, domin idan siffar ta kauce, namun daji ne za su fara ganewa.

Ta fuskar musaya kuwa, masu sauraron Rediyon Kaduna na da sun san katin zaɓe, wanda ake cikawa da sunayen 'yan uwa da abokai a aika wa shirin Zaɓi Sonka, wanda aka gaisar shi ma ya rama. Mata kuma sun san biki, inda abin da aka kai wa ƙawa ranar hidimarta yake dawowa ranar hidimar mai kaiwa. Katin musaya yana tafiya ne a kan irin wannan amana.

Tsuntsayen yankin da yadda ake kama siffarsu

A fili mai faɗin tafin hannu ba a iya zana kowane gashi. Abin da ake nema shi ne alama ɗaya ko biyu da ido ke gane tsuntsun da su, kuma Bahaushe ya riga ya adana da yawa daga cikinsu a karin maganarsa.

Shamuwa ce ya kamata a fara da ita, domin ita ce mai kawo albishirin damina. Takan iso ne gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari ba tare da tsoron mutane ba, ta ci fara da tsutsa a gonaki, idan kaka ta yi kuma ta nufi kudancin Afirka da gabashinta. Bayanta baƙi ne mai ɗan sheƙi, cikinta fari, fatar fuskarta shuɗiya da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta masu launin toka ne, amma gwiwa da yatsu jajaye, shi ya sa ake cewa kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta. Mai zanen da ya manta da wannan ja ya zana wani tsuntsu ne dabam.

Haka zabuwa take, ita ma da zanenta aka gan ta. Ɗigon fari a kan toka mai duhu shi ne dukan sirrinta, kuma ya fi fita idan aka fara shafe jikin da duhu, ya bushe, sannan a bi da tsinken tsintsiya ana ɗiga fari. Hasbiya tana da irin wannan ɗigo a fiffike, amma abin da ke bambanta ta da tantabarar gida shi ne jar fatar da ta kewaye idonta. Ba banza ba ake kiran ƙurjin da ke fitowa a fatar ido da sunanta.

Balbela fara ce fat, kuma fari a kan farar takarda ba ya fita. Dabarar ita ce a rina bayan katin, ko a ɗora ta kusa da ƙafar saniya kamar yadda aka saba ganinta, a bar jikinta ba fenti. Bakinta rawaya ne, a lokacin ƙwai kuma kanta da ƙirjinta da bayanta sukan yi ruwan ƙasa-ƙasa. Zalɓe ya fi ta tsawo da siranta, launinsa toka, kuma ya fi dacewa da katin da aka tsayar a tsaye. A fadamun Gummi da sauran bakin gulbi akwai kirinjijiya mai farar fuska da kuka kamar fito, akwai kuma dinya, wadda ta fi duk dangin agwagwar ruwa na yankin girma.

Marai namijinsa rawaya ne mai baƙin kai da jan ido, kuma ba a cika raba shi da sheƙarsa ba, wadda yake saƙawa da ɗanyar ciyawa tana reto a ƙarshen reshe. Wannan sheƙa ta fi kyau a yi ta da zare ko da siraran kaba a liƙa, maimakon a zana. Cilakowa kuwa baki ne mai lanƙwasa da doguwar wutsiya. Labarinta ya isa a rubuta a bayan kati: macen takan shiga kogon itace ta toshe ƙofar, ta bar 'yar tsaga wadda namijin zai riƙa miƙo mata abinci ta ciki har ta ƙyanƙyashe.

Jan baki ba shi da masoyi a cikin manoman shinkafa da gero da dawa, kuma suna da hujja, domin garkensa yana iya share gona cikin ɗan lokaci. Masana suna ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Duk da haka yana da wata fa'ida ga mai kati: tsawonsa bai wuce kimanin santimita 12 ba, don haka ana iya zana shi kusan da girmansa na zahiri. A lokacin ƙwai namijin yakan yi baƙar fuska, bakin macen kuma ya koma rawaya, abin da ko manomin da ya shekara yana korarsu ba lalle ne ya lura da shi ba.

Sai waɗanda ganinsu ya yi wuya. Gauraka, mai tukku ruwan zinariya da kumatu fari a sama ja-ja a ƙasa, shi ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma ya kusa ƙarewa a dazukan ƙasar saboda lalacewar fadamu da kuma kama shi da ake yi ana kiwatawa a gidajen masu hali. Ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta, ta shiga jerin tsuntsayen da ke cikin matsanancin haɗarin ƙarewa a 2015, kuma cinikin sassan jikinta don magani na cikin manyan dalilai. Burtu ma ya ja baya. Namijinsa yana da jan maƙogwaro da ɗan shuɗi, macen kuwa shuɗi zalla, dukansu da dogon gashin ido. Yaron da aka haifa a birni yau yana iya sanin “ungulu ba ta jewar banza” a baki, bai taɓa ganin jewar ba.

Halin tsaro a yankin ya sa shiga daji don kallon tsuntsu ba abin da za a ba kowa shawara ba ne. Sai dai yawancin waɗanda aka ambata suna zuwa har gida: hasbiya a kan rufi, kurciya a tsakar gida, hankaka da shirwa a bayan kasuwa, marai da shamuwa a itacen ƙofar fada ko na makaranta.

Abin da bayan kati ke adanawa

Gaban kati ado ne, bayansa kuwa shaida. Idan mai aikin ya rubuta sunan tsuntsun, da garin da ya gan shi, da watan da ya gan shi, to ya bar bayanin da wani zai iya amfana da shi bayan shekaru. Ya fi kyau a rubuta sunan yadda ake faɗarsa a wurin. Bazamfare yana cewa hwakara inda Bakano ke cewa fakara, wani wurin kuma makwarwa ake kiranta, kuma irin waɗannan sunaye ba duka ne suka shiga ƙamus ba. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin zana taswirar inda kowane nau'i yake, kuma aikin ya dogara ne a kan abin da masu sa kai suka gani suka rubuta.

Mutanen Anka da Bukkuyum suna da dalili na musamman na ɗaukar wannan da muhimmanci. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, bayan amai da jijjiga. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gidaje ana daka su ana niƙawa. Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, suna cikin ƙauyukan da abin ya shafa. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika, an tarar cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu a cikin shekara guda.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda ta shiga binciken, ta ba da labarin wani abu da ya riga wannan: tun farkon shekarar agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Agwagwa tana kiwo ne da baki a cikin ƙasa da taɓo, don haka gubar ta riga kama ta. Katin zane ba asibiti ba ne, ba kuma ɗakin gwaji ba. Amma mutumin da ya saba duba tsuntsayen unguwarsu da idon mai zane, yana rubuta ranar da ya gan su, shi ne zai fara tambayar ina suka shiga.

Kayan aiki

Ba sai an je kantin kayan zane ba. Kwalin shayi ko na sabulu ya isa ya zama gindi: a yanka shi daidai awo da reza da rula, a liƙa masa farar takarda gaba da baya, a danne da littafi mai nauyi ya kwana don kada ya tanƙware. Mai son launin ruwa yana buƙatar takarda mai kauri, domin siririya takan yi kumburi. Ana fara siffar da fensir a hankali, ƙwai ɗaya na jiki, ƙarami na kai, sannan baki da ƙafa da wutsiya. Ido ne ƙarshe, kuma ɗan ɗigon fari a cikinsa shi ke sa tsuntsun ya yi kamar yana kallo.

Baƙar tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, tana kama takarda sosai. Ƙaron da aka jiƙa shi kaɗai kuma manne ne mai kyau, haka ma kokon rogo. Launuka suna nan a hannun marina da dukawa: shuni daga baba, ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau ko saiwar rawaya, ruwan ƙasa daga lalle ko ruwan goro, baƙi kuma daga bagaruwa idan ta haɗu da ƙarfe. Kowannensu da halinsa. Gangamau yana kyau ranar farko amma rana tana kashe shi da wuri. Ruwan zoɓo yakan fito ja, ya bushe ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Shuni da tawadar gawayi su ne masu daɗewa.

Wanda zane bai karɓe shi ba yana da wasu hanyoyi. Ƙyallayen atamfa da shadda da tela ke sharewa suna yin fiffike da ƙirji. Guntayen jar fata da korinon dukawa suna yin baki da ƙafa. Mai ɗinkin hula yana iya huda kwalin da allura ya bi siffar da zare. Ana kuma iya sassaƙa siffar a kan sakaina ko robar goge fensir, a shafa tawada a buga kamar hatimi, wanda ke sauƙaƙa aiki idan kati 9 iri ɗaya ake buƙata. Sharaɗi ɗaya dai, kada katin ya yi kaurin da zai hana shi shiga aljihun leda ko ambulan.

Hattara da dalma

Masu son launin gargajiya sukan nemi jar ƙasa da farar ƙasa da garin dutse. A wannan yanki wajibi ne a san inda aka ɗebo su. Kada a ɗauki ƙasa ko garin dutse daga wurin haƙar zinariya, ko wurin niƙa, ko wurin wanki, ko tsohon gidan da aka taɓa wannan aiki a ciki, komai kyan launinsa. An sami wuraren da dalmar cikin ƙasarsu ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne. Ido ba ya bambanta ƙasa mai guba da mai lafiya.

Kwalli na dutse, duk da sheƙinsa mai jan hankali wanda zai dace da bayan shamuwa, yawancinsa ma'adinin dalma ne, don haka ba kayan fenti ba ne. Haka ragowar fentin mai na gini ko na mota, domin wasunsu suna ɗauke da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ne suka fi jin jiki. Kati abu ne da ke yawo hannu zuwa hannu, yana kuma iya ƙarewa a bakin jariri a wani gari. Kada a lashi burushi don a tsinana bakinsa, a kuma wanke hannu kafin cin abinci.

Gashin tsuntsu

Liƙa gashi na gaske yana ƙara wa kati kyau, amma yana da iyaka. Gashin zabo da na kaza da na tantabarar gida, wanda ya zube da kansa ko aka fige bayan yanka, ya wadatar, bayan an wanke shi da sabulu ya bushe sarai. Ba a kama tsuntsun daji ko a saya daga masu tallar sassansa don a yi ado, domin yin haka ƙara wa cinikin da ke ƙarar da ungulu da gauraka kasuwa ne. Ba a kuma taɓa gashin tsuntsun da aka tarar a mace, saboda murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006. Katin da za a aika ƙasar waje gara a bar shi ba gashi, domin ƙasashe da yawa suna hana shigar da shi.

Matsayin malamai kan zana mai rai

Tambaya ce da ba za a tsallake ta ba a Zamfara. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu sūranta abin da ke da rai, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wasu malamai sun ɗauki hanin a kan kowace irin siffa, ta kan takarda ko ta sassaƙa. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya kuwa shi ne haramcin ya tsaya a kan siffa mai jiki wadda ke da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, ita kuwa shimfiɗaɗɗiya ta kan takarda ko tufa ba ta kai haram ba, sai dai makaruhi ko barin abin da ya fi.

Kowa sai ya bi malamin da ya natsu da shi. Wanda ya zaɓi kaucewa gaba ɗaya bai fita daga zagayen ba, domin jigon yana da faɗi: sheƙar marai, ƙwan zabuwa, sawun zalɓe a kan taɓo, gashi guda a tsakiyar fili, itacen da shamuwa ke sauka, ko sunan tsuntsun da ajami a cikin zayyana. Mai shirya zagaye ya kamata ya faɗi tun farko ko za a karɓi cikakkiyar siffa, don kada a aika wa wani abin da ba zai ajiye a ɗakinsa ba.

Yadda ake musayar

Hanya mafi sauƙi ita ce ido da ido: a haɗu, kowa ya baje nasa a kan tabarma, a zaɓa. Idan mutanen suna garuruwa dabam-dabam, sai a naɗa mutum ɗaya ya zama kamar uwar adashi. Misali, mutum 10 su amince da jigo da ranar rufewa, kowa ya ɗauki tsuntsu ɗaya ya yi masa kati 9, ya aika wa mai tarawa. Shi kuma ya rarraba, kowa ya sami kati 9 daga hannu 9, wato cikon leda guda. Ana iya daidaita magana ta WhatsApp, katunan kuma su bi gidan waya ko direbobin da ke bin hanyar Gusau zuwa Anka da Daki Takwas da Gummi, kamar yadda sauran saƙonni ke bi.

Abin da ke kashe adashi shi ke kashe wannan: wanda ya karɓa bai zuba ba. Shi ya sa ake tattara na kowa tukuna kafin a raba, wanda bai kawo ba kuma a mayar wa sauran ragowar katunansu. A Turai an saba rubuta adireshi a bayan kati, amma a yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane, suna ko laƙabi da sunan gari sun isa, lambar waya da kwatancen gida su tsaya a wurin mai tarawa.

Kafin a aika, a tabbata katin ya bushe, a sa shi cikin 'yar leda, a tallafe shi da wani kwali don kada ya karye a hanya. A gida kuma a ajiye shi nesa da rana da laimar damina. Ƙaro da koko abinci ne ga kyankyaso da gara, don haka gwangwani mai murfi ya fi akwatin katako.